Daga takardar jeri zuwa mujallar bincike: yadda muke bin sawun amai da gudawa a ƙasar Daura

Matasan da suka gama karatun lafiya sukan tambaye mu ta wace ƙofa ake shiga aikin binciken cututtuka masu yaɗuwa. Yawancinsu hankalinsu na kan digiri na biyu ko tallafin karatu a ƙasar waje. Mu da ke cikin aikin, inda muka ga kowa ya fara shi ne wata takarda mai layi-layi da ake rubuta sunan mara lafiya, da ranar da ciwo ya kama shi, da unguwarsu. A ofis layin lis ake ce mata. Don haka zan bi da ku ta hanyar da muke bi idan labarin amai da gudawa ya iso daga wata gunduma a yankin Daura cikin damina, tun daga wayar farko har aikin ya zama rubutaccen bincike. Maganar matakan karatu tana tafe daga baya.

Labari ba kullum yake fitowa daga asibiti ba. Wani lokaci mai kemis ne zai lura ledojin ruwan gishiri da sukari na ƙarewa da wuri, wani lokaci mai unguwa ne zai ce an yi jana'iza biyu a layi ɗaya cikin kwana uku. Duk inda ya fito, wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yake zuwa, wanda kowa ke kira DSNO. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina tana da nata. Shi zai rubuta a littafin ji-ta-ji-ta, ya sanar da jami'in jiha cikin awa 24, ya shigar a SORMAS, manhajar da aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 wadda NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ke ganin rahoto ta cikinta kai tsaye daga Abuja. Kwalara, wato cutar amai da gudawa, tana cikin cututtukan da ba a jira rahoton mako a kansu. Mutum ɗaya da ake zargi ya isa a buga waya.

Kafin mota ta tashi muna duba kaya ɗaya bayan ɗaya: fom na tsarin kai rahoton cututtuka na IDSR, 001A na kowane mara lafiya, 001B na aika samfuri, 001C wanda shi ne takardar jerin, kwalaben Cary-Blair da ake ajiye samfurin bahaya a ciki, tsinken auduga, kayan gwajin gaggawa, safar hannu, garin kulorin, ƙaramin akwatin auna kulorin a ruwa da ƙwayoyinsa, da alƙalamin da ruwa ba ya goge rubutunsa. A duba ranar lalacewar Cary-Blair tun a ofis. Idan ya bushe ya tsage a cikin kwalba, ko launinsa ya sauya, ba shi da sauran amfani, kuma babu inda za a samu wani a ƙauye. Dole kuma a tafi da mace ko da guda ɗaya ce, saboda gidajen kulle. Masu jinya mata ne, masu ɗura randa mata ne, ayarin da ba shi da mace a zaure zai tsaya ya ji abin da maigida ya ga damar faɗa.

Ana fara sauka wurin hakimi, sannan dagaci. "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan rashin lafiyar da ta taɓa talakawanka, muna neman izini da ɗan rakiya." Wannan ɗan rakiyar shi ne rabin aikin, don ya san gidan da aka yi rasuwa ba a kai asibiti ba.

Abu na farko da muke daidaitawa a tsakaninmu, kafin a ƙirga ko mutum ɗaya, shi ne wa za a ƙirga. Inda ba a tabbatar da annoba ba tukuna, ma'aunin shi ne: mai shekara biyu zuwa sama da ke gudawa tsararo, sau uku ko fiye cikin awa 24, tare da ƙarewar ruwan jiki mai tsanani, ko wanda irin wannan gudawa ta yi ajalinsa. Ana cire 'yan ƙasa da shekara biyu a wannan mataki saboda gudawar yara ta yau da kullum tana da yawa, za ta cika takarda da abin da ba kwalara ba. Da zarar lab ya tabbatar, ma'aunin yakan faɗaɗa ya haɗa duk mai gudawa tsararo a wurin. A rubuta ranar da aka sauya ma'auni. Wanda bai rubuta ba, daga baya zai ga adadi ya yi tsalle a zanensa ya ɗauka cutar ce ta ƙaru.

Daga nan sai rajistar asibitin gunduma. Muna komawa baya kamar mako huɗu, shafi-shafi, don mu san gudawa nawa aka saba gani kafin wannan. Sai gida-gida.

A nan zan daɗe, don nan ne bincike ke gyaruwa ko ya lalace. Layi ɗaya mutum ɗaya: suna, shekaru, jinsi, unguwa, gunduma, ranar fara ciwo, ranar zuwa asibiti, matakin ƙarewar ruwa, ko an ɗauki samfuri, inda gidan ke samun ruwan sha, da yadda ta ƙare, ya warke ko ya rasu, kuma a gida ko a asibiti. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta ranar zuwa asibiti a gurbin ranar fara ciwo. Kwalara takan bayyana tsakanin 'yan awoyi zuwa kwana biyar bayan ƙwayar cutar ta shiga ciki, saboda haka kuskuren kwana biyu kaɗai ya isa ya kawar da ido daga bikin ko rijiyar da ta jawo abin. Mutane ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe ranar kasuwa da lokutan sallah. Sai a ce, "Iya, kafin Juma'a ya fara ko bayanta? Da asuba ne ko bayan la'asar?" Shekarun yaro kuma a tambaya ko an yaye shi, ko ya shiga makarantar allo, ko azumi nawa da haihuwarsa.

Sunaye ma suna da tarko. A unguwa ɗaya za a iya samun A'isha Abubakar uku. Ga kuma alkunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, za ta ba da laƙabi, alhali a asibiti kawunsa ya rubuta sunan yanka. Mutum ɗaya ya zama biyu ke nan. Maganinsa a ƙara gurbi biyu, sunan maigida da sunan mai unguwa, kuma kowane dare a zauna a tace jerin kafin a kwanta. A ƙasar Daura akwai ƙarin gurbi da ba ma bari: ko mutumin ya tsallaka iyaka cikin kwana biyar da suka wuce, ko ya ci kasuwa irin ta Mai'aduwa. Ta Kongolam mutane na shige da fice zuwa ƙasar Damagaram kullum, wani ma asibitin wannan ɓangaren ne ya fi kusa da shi. Wanda ya zo daga tsallake ana yi masa magani, ana rubuta shi, amma ana ware shi wajen lissafi tunda ba ya cikin yawan jama'ar gundumar.

Samfuri ana ɗauka daga mutum biyar zuwa goma da ciwon bai wuce kwana huɗu a jikinsu ba, kuma ba su sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne mai wuya, don kusan kowa ya biya ta kemis ya sha tetracycline ko Flagyl kafin ya iso. A tambaya, a kuma ce a nuna kwalin. Bahayar da za a gwada kada a ɗebo ta daga bokitin da aka zuba wa kulorin, ƙwayar ta riga ta mutu. Ana tsoma tsinken auduga a sabuwar bahaya, a soka shi har ƙasan Cary-Blair, a karya saman, a rufe da kyau, a rubuta lambar da ta yi daidai da ta fom. Ba a daskarar da shi, kuma ba a barinsa a rana a gaban mota. Zai iya kai mako guda, amma muna so ya isa lab da wuri. Gwajin gaggawa yana ba da sakamako cikin kamar minti 15, yana kuma isa a ɗaga murya, sai dai tabbatarwa sai an shuka ƙwayar a lab ta fito ruwan ɗorawa a kan farantin shuka na TCBS an tantance Vibrio cholerae O1, wato ƙwayar kwalara, ko an yi gwajin ƙwayar halitta na PCR. Babban ɗakin gwajin NCDC yana Gaduwa a Abuja. Idan sakamako ya dawo babu komai alhali mutane na gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, mukan fara zargin yadda aka ɗauki samfurin da yadda ya yi tafiya.

Ba a jira lab kafin a fara taimako. Leda ɗaya ta gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana a zubar. Wanda ruwansa ya ƙare sosai ƙarin ruwa na Ringer ake sa masa, mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa: ga wanda ya haura shekara ɗaya, 30 cikin rabin awa na farko, 70 cikin awa biyu da rabi. Yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar a ba su zinc miligiram 20 kullum har kwana goma. Kulorin kala uku muke haɗawa daga gari mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70: giram 15 a lita 20 don wanke hannu, giram 60 a lita 20 don ƙasa da gado da tufafi, giram 600 a lita 20 don amai da bahaya da gawa. A rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙaƙe, don na ukun yana ƙona fata. Ruwan sha kuma ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 ta lita 20 ce ta ruwa garau, a jira minti 30. Jarkokin 'yan ga-ruwa da yawa lita 25 ne, kuma ruwan damina yakan yi gurɓi ya cinye kulorin, don haka a auna a randar gida a ga ko akwai ragowar kulorin kamar miligiram 0.5 a lita. Wanda ya raba ƙwaya bai koma ya auna ba, bai san abin da mutane ke sha ba.

Dare na biyu ko na uku ake zama da jerin a yi masa tambaya uku: yaushe, ina, su wa. Ana zana yawan masu kamuwa kowace rana bisa ranar fara ciwo. Idan zanen ya hau tsaye ya sauko cikin kwana biyar, wuri ɗaya aka sha ko aka ci, biki ko zaman makoki. Idan ya hau ya miƙe, akwai ruwan da har yanzu ake sha. Idan tudu ne bayan tudu, cutar na bin gidaje. Sai taswira, ko da ta hannu ce a bayan kwali, a ɗiga gidaje da rijiyoyi da burtsatse da masai. Haka John Snow ya yi a Landan a 1854 har ya gano famfon titin Broad, kuma har yau dabarar ba ta tsufa ba.

Yawan masu cuta shi kaɗai yana ruɗi. A ce gunduma ɗaya tana da 60 cikin mutum 30,000, wata tana da 25 cikin 5,000. Ta farko biyu ke nan cikin dubu, ta biyu kuwa biyar cikin dubu, ita ta fi buƙatar a fara kai kaya. Matsalar ita ce ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, duk adadin da muke raba lissafi da shi hasashe ne. Mukan gwada shi da adadin da masu rigakafi suke amfani da shi a tsarinsu na gida-gida, mu kuma faɗa a rahoto wanne muka ɗauka.

Idan zane da taswira sun nuna wani abin zargi, sai a yi binciken kwatance. A ɗauki masu cutar, kowane a samo masa mutum biyu da ba su kamu ba, sa'anninsa, daga maƙwabta, ba daga gida ɗaya ba tunda randa ɗaya suke sha. Tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa kan kwana biyar da suka wuce: ruwan rijiya, na ga-ruwa, na leda, zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙara, fura da nono, cin abinci a kasuwa, zuwa jinya, wankan gawa, sabulu a bakin masai, da ko moɗa ɗaya kowa ke tsomawa a randa. Tambayoyin a rubuta su da Hausa tun farko a KoboCollect, manhajar cike tambayoyi a waya, a gwada a kan mutum biyar. Idan aka bar kowane ma'aikaci ya fassara da bakinsa, "ruwa mai tsabta" zai zama abu huɗu a bakin mutum huɗu. Lissafin ba shi da wuya. A ce cikin masu cuta 40, 30 sun sha ruwan ga-ruwa, 10 ba su sha ba. Cikin lafiyayyu 80, 32 sun sha, 48 ba su sha ba. 30 sau 48 a raba da 10 sau 32 ya ba da 4.5, wato masu cutar sun fi lafiyayyu shan wannan ruwa sosai; da 1 ya bayar, babu bambanci ke nan. Manhajar lissafi ta Epi Info, wadda kyauta ce, za ta fitar da iyakar tabbaci ta kashi 95, wato tazarar da ake sa ran ainihin adadin yana cikinta. Idan iyakar ta ratsa 1, ba ka da hujja tukuna. A kuma tuna mara lafiya ya fi lafiyayye tuna abin da ya ci, saboda ya kwana yana tunaninsa. Kuma 4.5 ba dalilin kama ɗan ga-ruwa ba ne. A bi shi a ga inda yake ɗiba, a zuba kulorin a can, a wanke jarkokin. Idan aka kore shi, gobe da asuba zai ɗebo a wani wurin da ba ku sani ba.

Ɓangaren da sabbin shiga suka fi tsallakewa, ni kuwa a ganina shi ya fi gyara asibitocinmu, shi ne binciken waɗanda suka rasu. Inda magani ke tafiya daidai, mutuwar kwalara ba ta kai ɗaya cikin ɗari. A 2021 Najeriya ta samu sama da mutum 111,000 da ake zargi, sama da 3,600 suka rasu, wato sama da uku cikin ɗari, Katsina kuma na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Kowace rasuwa a cikin jerinmu muna bin ta: awa nawa tsakanin fara ciwo da barin gida, me ya tsayar da su, kuɗin babur ne ko jiran izinin maigida ko rafi ya cika, da suka iso akwai ma'aikaci da dare, akwai Ringer da allurar da ta dace da jijiyar yaro. Amsar ita ke nuna ko tanti za a kafa kusa da mutane a riƙa ba da ruwan gishiri, ko jadawalin kwana za a gyara. Akwai kuma ma'aunin 7-1-7 da ya shigo daga 2021: a gano ɓarkewa cikin kwana 7, a sanar cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Muna cike ranakun daga jerin, mu ga a wane gurbi aka makara.

Rahoton farko shafi ɗaya ne zuwa biyu, kullum yake fita. Cikakken yana biyo baya, kwafi ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ma'aikatar lafiya ta jiha, a kuma koma a yi wa dagaci bayani da baki.

To, ta ina mutum ke hawa wannan tsani? Wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Daura ko ta Kankiya, ya nemi a haɗa shi da DSNO, ya koyi cike rahoton mako na IDSR 002, har da makon da ba a ga komai ba, don sifili ma rahoto ne. Horon binciken cututtuka a fili hawa uku ne: na wata uku ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, na wata tara, da babban na shekara biyu, NFELTP, wanda aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, kuma yana ƙarewa da digiri na biyu a lafiyar al'umma. Likitoci da likitocin dabbobi da masana lab ya fi ɗauka, galibi ma'aikatan gwamnati da wurin aikinsu ya sake su da takarda. Kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a fili yake tafiya. Kafin a gama sai an binciki ɓarkewar cuta, an auna ingancin wani tsarin sa ido, an yi nazarin tsofaffin alƙaluma, an rubuta kundi. 'Yan wannan horo na cikin waɗanda suka bi sawun mutum 894 lokacin Ebola a Legas da Fatakwal a 2014, inda aka tsaya a kan mutum 20 da rasuwa 8. A wajen hira, wanda ya zo da jerin da ya tace da hannunsa da zanen da ya iya bayaninsa ya fi wanda ya zo da tarin satifiket. Excel da Epi Info sun isa farawa, manhajar lissafi ta R kuma a fara taɓa ta da wuri.

Jiharmu ba ta rasa abin bincike. Sanƙarau na zuwa da rani, kuma nau'in C ya taɓa Katsina tare da Zamfara da Sakkwato a 2017. Mashaƙo ya dawo Arewa tun ƙarshen 2022. Ga ƙyanda, ga shanyewar ƙafa ta farat ɗaya ga 'yan ƙasa da shekara 15, wadda har yau ake ɗaukar mata bahaya biyu da tazarar awa 24 zuwa 48 cikin kwana 14, duk da an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020.

Daƙile annoba ba ya jiran takardar izini, amma mayar da alƙaluman bincike don bugawa yana jira. Ana rubuta tsarin binciken a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa, a bisa ƙa'idar kwamitin ƙasa, NHREC. A Arewa wannan ba cika takarda kawai ba ne, don mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Takardar amincewa a karanta ta da Hausa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala a gaban shaida. Kafin fayil ya bar kwamfutarka a cire sunaye, da sunan maigida, da lambar waya, da alamar wurin gida, a bar lamba kawai. Jerin sunayen marubuta a daidaita shi tun kafin a fara rubutu, kuma DSNO da ma'aikacin lab da suka yi aikin su shiga idan sun karanta sun gyara. Mujallu irin Pan African Medical Journal da JIEPH ta AFENET, ƙungiyar masu binciken cututtuka a fili ta Afirka, suna karɓar rahoton ɓarkewar cuta. Masu dubawa za su ɗauki watanni, kuma kusan kullum tambayarsu ta farko kan ma'aunin da aka ƙirga da shi ne, da yadda aka zaɓo lafiyayyun. Mujallar da ta turo imel tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan an biya, a bar ta, don masu ba da tallafi sun san sunayensu. Asalin takardun jerin kuwa a ɗaure su a fayil a kulle a ofishin ƙaramar hukuma, don mai dubawa na iya cewa a sake ƙirga waɗanda suka rasu a gida daban da na asibiti.